Sa hannun da saki ba ya gogewa

'Ya'yana mazauna Amurka, da ku da ke gida kuna shirin bin miji ko mata zuwa can, da ku nake. 

Idan maganar aure ta taso tsakanin wanda ke waje da wadda ke gida, abubuwan da manya ke zama a kansu sanannu ne: gaisuwar iyaye, sadaki, akwati nawa za a jera a lefe, wa zai karɓi aure, wace rana za a sa. In an gama sai wani ya ce, "To, saura takardu," a shafa fatiha a tashi. A cikin takardun nan akwai guda ɗaya da ta cancanci zamanta daban, domin ita ce ke bin mutum shekara da shekaru bayan an manta da launin ankon biki. Lambarta I-864. A cikinta ne wanda zai kawo matarsa, ko wadda za ta kawo mijinta, ke rantsuwa cewa ya ɗauki nauyin mai shigowa, ba zai bar shi ya koma kan wuyan gwamnati ba.

Da can ma ana cika irin wannan takarda, sai dai kotunan Amurka sun ɗauke ta alkawarin mutunci ne kawai, wanda ba a kama mutum da shi. A 1996 majalisar dokokinsu ta yi wa dokar shige da fice garambawul, shugaba Bill Clinton ya sa hannu, kuma daga Disambar 1997 takardar ta zama yarjejeniya tsakaninka da gwamnatin Amurka, wadda alƙali zai iya tilasta maka cikawa. Abu biyu ka ɗauka. Za ka riƙe wanda ka kawo a kan wani mizani na samu da doka ta yanka, kada ya faɗo ƙasa da shi. Sannan in ya karɓi irin tallafin da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, kamar katin sayen abinci ko tallafin lafiya na Medicaid, hukumar da ta bayar tana da ikon ta aiko maka ka biya.

Mizanin shi ne ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa a farkon kowace shekara, a ɗora masa rubu'insa, wato kashi 125 cikin ɗari. A 2025, gida mai mutum biyu, kai da amarya, ana son a ga dala 26,437 a shekara. Mutum uku, 33,312. Mutum huɗu, 40,187. Kowane kai da ya ƙaru, dala 6,875 ne. Alaska da Hawayi nasu ya ɗara haka. Adadin yana hawa kusan kowace shekara, saboda haka ku duba na shekarar da kuke ciki, kada ku dogara da abin da aboki ya gaya muku na lokacinsa.

Ku na gida, kada ku yi saurin juya kuɗin nan zuwa naira ko sefa ku ce ai yaron attajiri ne. Mai samun dala dubu 26 a birnin Niyok, kuɗin haya kaɗai na iya lashe fiye da rabinsu. Gwamnati ba ta ce mai wannan samu yana cikin daula ba. Cewa ta yi da ƙyar ya tsallake talauci.

Wurin ƙirga kawuna ne da yawa ke tuntuɓe. Ango ya ɗauka shi da amarya ne, mutum biyu. Amma in yana da 'ya'ya ƙanana daga auren fari, suna cikin lissafi, ko da suna Damagaram ko Kumasi wurin kakarsu. Duk wanda ya rubuta a takardar harajinsa cewa shi ke riƙe da shi, yana ciki. Wanda ya taɓa tsaya wa a baya, kuma alkawarin bai ƙare ba tukuna, shi ma yana ciki. Sai ka ga biyu sun koma biyar, abin da ake nema ya tashi daga dubu 26 zuwa dubu 47.

Sai maganar haraji, kuma a nan zan ɗan daɗe domin ta shafi mutanenmu da yawa. Jami'in da zai duba takardarka ba ruwansa da motar da kake hawa, ko kuɗin da kake aikawa gida duk wata. Abin da ka gaya wa hukumar haraji, IRS, shi yake karantawa. Dole ka haɗa bayanan harajinka na shekarar da ta gabata, kana iya ƙarawa har na shekara uku in za su taimake ka. Mai aikin albashi nasa da sauƙi, takardun albashin 'yan watannin baya da wasiƙa daga wurin aiki sun nuna abin da yake samu yanzu. Mai zaman kansa ne ke shan wuya. Ɗana direban tasi ko Uber a Bronx, da kai nake. Ka yi tuƙi dare da rana, a ce dala dubu 60 sun ratsa hannunka a shekara. Lokacin haraji ya zo, mai cika maka takarda ya cire kuɗin mai, ya cire gyara, ya cire inshora, ya cire wannan ya cire wancan, har abin da ya rage a rubuce bai wuce dubu 15 ba. Ka fito kana murna haraji ya zo da sauƙi. To, dubu 15 ɗin nan su ne samunka a wurin hukumar shige da fice. Ba dama ka zama talaka a ofishin haraji kuma ka zama mai hali a ofishin biza, tunda takarda ɗaya ake karantawa a wuraren biyu.

Haka 'yata mai kitso da ake biya a hannu, da mai taya ɗan'uwa tsaron shago ba a rubuce ba. Kuɗin da ba a bayyana ba, a wurinsu babu shi. Wanda haraji ya wajaba a kansa bai shigar ba, sai ya koma ya shigar da na baya kafin a saurare shi. In kuwa wani ya ce zai haɗa maka takardar albashi ta bogi, ka tuna rantsuwa ce kake sa wa hannu, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni a ganina, wanda ya san yana da niyyar aure daga gida, tun shekara ɗaya ko biyu kafin ya aika a nema masa ya kamata ya fara bayyana samunsa yadda yake, ya haƙura ya biya harajin. Wannan ma cikin kuɗin aure ne, ko da ba a ambata shi a wurin sa rana.

Idan samu ya gaza kaɗan, ana iya cikewa da kadara: ajiyar banki, hannun jari, ko abin da ya rage naka a darajar gida bayan an cire bashin da ke kansa. Sai dai ba giɓin kaɗai ake nema ba. Ɗan ƙasa mai kawo matarsa zai nuna ninkin giɓin sau uku, mai katin zama na dindindin, wanda kowa ke kira girin kad, sau biyar. A ce kai da amarya ne kawai, kana samun dubu 22, giɓinka 4,437 ne a mizanin 2025. Ɗan ƙasa zai nuna kadarar dala 13,311, mai girin kad 22,185. Kuma dole ta zama kadarar da za ta iya komawa tsabar kuɗi cikin shekara guda. Filin gado a ƙauye da ba a raba ba, ba shi da takarda, kada ka sa rai da shi. Motarka tilo ma ba a ƙirga ta.

In samu bai kai ba, kadara ma ba ta cike ba, doka ta yarda wani ya tsaya maka. Ba sai ɗan'uwanka na jini ba. Kowane ɗan ƙasa ko mai girin kad da ya kai shekara 18, yake zaune a Amurka, zai iya, in dai samunsa shi kaɗai ya isa ya ɗauki gidansa haɗe da amaryar. Ba a haɗa rabin naka da rabin nasa, sai fa in ɗan gidanku ne da kuke zaune tare, wanda shi tasa takardar daban ce, I-864A. Kai ma ango ba ka fita ba, dole ka cika taka ko da aljihunka babu komai.

Na san yadda roƙon yake zuwa. Bayan an idar da Juma'a, ko a waya da dare: "Kawu, don Allah a rufa mini asiri. Sa hannu ne kawai, ko sisi ba za ka kashe ba." Mai faɗin haka ba yaudara ya nufa ba, shi ma haka aka gaya masa. Amma ba haka abin yake ba. Wanda ya tsaya ya ɗauki daidai abin da ango ya ɗauka, babu ragi. Idan abu ya ɓaci, amarya ko hukuma na iya tsallake ango su nufi Kawu kai tsaye, su nemi kuɗin gaba ɗaya a wurinsa, kuma mai neman haƙƙi a kotu inda ya hango kuɗi yake nufa. Kafin a buga mata biza mutum na iya janyewa a rubuce, da an buga shi ke nan. Ko ango ya riga mu gidan gaskiya, Kawu yana nan a ɗaure. Gobe in Kawu ya tashi kawo mahaifiyarsa, matar wani tana cikin kawunan da za a ƙirga masa.

Ba cewa nake ku daina tsaya wa juna ba, Allah ya kiyaye. Gidajen mutanenmu da yawa a can da sa hannun wani bawan Allah aka kafa su, kuma da yawa cikin waɗanda suka tsaya har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Abin da nake so shi ne mai tsayawa ya tsaya da saninsa. Ya karanta takardar da kansa, ko ya sa lauya ya warware masa. Ya tambayi zuciyarsa: in auren nan ya mutu nan da shekara biyu, yaron kuma ya ɓace ko ya rasa aiki, zan iya riƙe yarinyar nan? In zai iya, ya sa hannu, Allah ya ba shi lada. In ba zai iya ba, ya faɗa da bakin alheri: "Ɗana, wannan ya fi ƙarfina, amma ga gudummawata ta kuɗin fom." Wanda kunya ta sa ya amsa abin da ba zai iya ba, da shi da wanda ya roƙe shi duk ya cuta.

Kai kuma mai roƙo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin nan zai miƙa takardun harajinsa da duk sirrin samunsa saboda kai, to kai ma buɗe masa naka: abin da kake samu, bashin da ake bin ka, lokacin da kake sa ran tsayawa da ƙafarka. Ka gaya masa nauyin abin da kake roƙo kafin ya ji daga bakin wani. In ya ce a'a, kada ka ƙullace shi, kada ka daina gaishe shi a masallaci, kada ka kai ƙararsa gida a ce ya samu duniya ya manta da dangi. In ya amince, ku rubuta tsakaninku a gaban shaidu cewa duk abin da aka karɓa daga hannunsa saboda wannan sa hannu, bashi ne a kanka. Wannan rubutu ba zai kare shi daga gwamnati ko daga amarya ba, tsakaninku ne kawai yake aiki. Amma ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Yanzu ga wurin da ya fi nauyi. Mu mun tashi da sanin cewa ciyarwa tana da iyaka. Mutum ya yi wa matarsa sakin kome, ya ciyar da ita har ta gama idda, in tana da ciki har ta haihu, daga nan nauyin 'ya'ya ne ya rage a kansa. Takardar nan ba ta san idda ba. A jikinta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa mutuwar aure ba ta kawo ƙarshen alkawarin. Saki ɗaya ne, uku ne, ita ce ta nemi hul'i, ko yaji ta yi ba ta dawo ba, duk ɗaya. Ko ta sake aure, wannan kaɗai bai sauke maka ba.

Kuma ita da kanta doka ta ba ta ikon kai ka ƙara. Lissafin ba shi da wuya. Mizanin mutum ɗaya a 2025 dala 19,562 ne. In tana samun dubu 8 a shekara, kai za ka cike dubu 11 da ɗari biyar da 'yan kai. In ba ta samun komai, duka naka ne, shekara bayan shekara, kuma ana iya ɗora maka kuɗin lauyanta. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Shikago ta saurari wani mutum da ya ce tsohuwar matarsa, 'yar ƙasar Sin, ba ta neman aiki, don haka bai kamata ya biya ba. Alƙali Richard Posner ya rubuta hukuncin, ya ce dokar ba ta ɗora mata wajibcin neman aiki don ta rage masa nauyi ba. A 2016 takwararta da ke San Faransisko ta duba ƙarar wata 'yar Turkiyya da ta sa hannu tun kafin aure cewa ba za ta nemi komai ba in an rabu. Kotu ta ce wannan yarjejeniya ba ta soke alkawarin da mijin ya yi wa gwamnati ba. Har ta ƙara da cewa komawar matar gidan babban ɗanta ba hujja ba ce ta lissafa samun ɗan a rage wa mijin. Ba a kowane reshe ne bakin kotuna ya zo ɗaya ba, amma a kan cewa saki ba ya sauke nauyin, babu gardama.

To, me ke sauke shi? Ta zama 'yar ƙasa. Ko a lissafa mata zango 40 na aiki a rajistar fanshon gwamnati, wanda tunda ba a samun fiye da huɗu a shekara, kusan shekara goma ke nan, ko da yake in aure na nan ana haɗa mata da na mijinta. Ko ta ajiye katin zamanta ta bar ƙasar. Ko mutuwa, tata ko ta wanda ya sa hannu. Ku lura da na farko da kyau: ba mai iya tilasta mata ta nemi zama 'yar ƙasa. In ta ga dama ta zauna da katinta, ba ta aiki, alkawarin yana nan har tsufa.

'Yata amarya, ke ma ina da magana da ke. Ki nemi kwafin takardar nan ki adana, fasfonki kuma ya zauna a hannunki. In ranar ɓacin rai ta zo aka ce miki, "Ni na kawo ki, ni zan mayar da ke," ki sani katin zama naki ne, ba miji ke ƙwace shi ba. Gaskiya ne in aurenku bai kai shekara biyu ba ranar da kika shiga, katin wucin gadi na shekara biyu za a ba ki, kuma ke da shi za ku nemi a cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe. Amma in aure ya mutu, ko ana cutar da ke, kina iya nema ke kaɗai, in kin nuna auren na gaskiya ne. Tun 1994 akwai dokar da ke kare wadda ake duka ko ake muzgunawa, kuma namiji ma tana kare shi.

Sai dai kada ki ɗauki takardar nan albashi. Dala dubu 19 ba ta riƙe mutum a can, shari'a kuma tana cin lokaci da zuciya. Ki koyi Turanci, ki koyi tuƙi, ki nemi sana'a ko karatu. Matar ɗan ƙasa da ke zaune da mijinta tana iya neman zama 'yar ƙasa bayan shekara uku da samun kati, sauran sai biyar. Ranar da kika yi rantsuwar zama 'yar ƙasa kin sauke mijinki, kin sauke dattijon da ya tsaya miki tun bai taɓa ganin fuskarki ba. Turaren da za ki kai masa na godiya bai kai wannan ba.

Abin yakan juya kuma. 'Yarmu da ta tashi a can, aka haɗa ta auren zumunci da ɗan baffanta na gida, ita ce za ta sa hannu, ita doka ta sani a matsayin mai ciyarwa, ko da addini ya ɗora ciyarwar a kansa. Sau da yawa ɗaliba ce, ba ta da samu, sai mahaifinta ya tsaya. Alhaji, ka san abin da ka ɗauka? In yaron nan ya saki 'yarka bayan shekara uku, yana iya tsayawa gaban alƙali ya nemi ka cike masa samunsa, kuma doka na tare da shi. Ba fata nake ba. Amma irin wannan aure, in ya lalace, gida biyu yake tsagawa, gara a san da wannan tun ana shiri.

Akwai kuma waɗanda aka haifa a Amurka aka dawo da su Kano ko Yamai tun suna goye. Fasfo suna da shi, amma takardar nan tana son mazauni a Amurka, ko hujjar cewa za ka koma ka zauna kafin matarka ta shiga ko tare da ita. Albashinka na Abuja da zai tsaya ranar da ka tashi ba a lissafa shi. Kuma ɗan Amurka, ko ina yake zaune a duniya, in samunsa ya kai wani adadi wajibi ne ya riƙa shigar da bayanan haraji.

Bari in ɗan ratse, domin duk lissafin nan a kan aure ingantacce yake tsayawa. Ɗaurin aure ta wakili, ango yana can ana shafa fatiha a nan, halas ne a wurinmu. Dokar shige da ficen Amurka ba ta karɓarsa sai in ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren. Don haka ka zo gida tukuna, ka adana tikiti da hatimin fasfo, sannan ka shigar da takarda. Mai mace fiye da ɗaya, uwargida kaɗai suka sani. Auren takarda kuwa, wanda ake ƙullawa don biza kawai, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, ga kuma nauyin ciyar da wanda ba ka ma sani ba.

Na Ingila, ku taku hanyar daban ce. Tun Yulin 2012 ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin da zai kawo matarsa sai ya nuna samun fam 18,600 a shekara. Aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2017 ta ce ƙa'idar ba ta saɓa doka ba. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. Wanda ba shi da albashi zai dogara da ajiya kaɗai, sai ya nuna fam 88,500 da suka yi wata shida a hannunsa, kuma nasa na kansa, ba na aro da za a mayar bayan an buga biza ba. Ga kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 na kowace shekara da ake biya a dunƙule tun farko. Babban bambancin shi ne can, a ƙa'ida, ba Kawun da zai tsaya maka, sai a wani yanayi na musamman. Ingila a bakin ƙofa take tsaurarawa, Amurka kuwa takan bar ka ka shigo da taimakon wani, sannan ta riƙe ku duka. Kanada galibi ba ta yanka wa mai kawo matarsa adadin samu ba, amma zai ɗauki alkawarin shekara uku, wanda shi ma saki ba ya warware shi.

Iyaye na gida, 'yan'uwana, saura ku. Ko takardun yaro sun cika cif, jira na iya kai shekara ɗaya, biyu, ko fiye, kuma siyasa na iya tare hanya. A farkon 2020 shugaba Donald Trump ya dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, sai a Janairun 2021 Joe Biden ya ɗage. A Yunin 2025 aka sake fitar da jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, har da Chadi da Sudan, kuma irin wannan jeri ana ƙara masa ana sauya sharuɗɗansa. Saboda haka a yi maganar zaman jira tun kafin a ɗaura: a ina yarinya za ta zauna, gidansu ko gidan surukai, wa ke ciyar da ita, sau nawa miji zai riƙa zuwa, karatunta zai ci gaba ko a'a.

Ku kuma sassauta wa yaron. Akwati goma sha biyu da dina da kamu da walima a babban zaure, duk daga ajiyar nan suke fitowa, ajiyar da wataƙila ita ce za ta cike masa giɓi a gaban jami'in biza. Waliyyi yakan bincika asalin mai neman aure da addininsa da sana'arsa. In daga waje ya zo, a ƙara masa da waɗannan, cikin mutunci, ba a gaban taro ba: ɗan ƙasa ne ko girin kad gare shi, ya shigar da harajin bara, mutum nawa ke wuyansa a rubuce, samunsa ya kai shi kaɗai ko sai an tsaya masa. In ya ce wani ne zai tsaya masa, a karɓi lambar mutumin a kira shi, a ji daga bakinsa cewa ya san abin da zai sa wa hannu, sannan a sa rana.